'Yar Gidan Masu Goge da Ta Rungumi Gita: Tafiyar Ƙungiyar Alvvays ta Kanada

Ɓarawon da ya shiga gidan Molly Rankin bai san abin da ya ɗauka ba. Cikin kayan da ya yi awon gaba da su akwai wata 'yar na'urar ɗaukar murya, irin wadda ko a kasuwar 'yan gwanjo ba za ta yi kuɗin kirki ba, amma a cikinta ne mawaƙiyar ta tara ɗanyun waƙoƙin da take shirin gina sabon kundi a kansu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: washegari ruwa ya malale ɗakin ƙasa inda ƙungiyarta take ajiye kayan kiɗa, saura ƙiris ya cinye komai. Da suka farfaɗo suka fara shirin shiga situdiyo, sai annobar korona ta sauka, aka rufe iyakar Kanada da Amurka a watan Maris na 2020. Mai yi musu ganga tana can ƙetaren iyaka, sauran suna Toronto, kowa ya zauna inda kulle ya same shi.

Haka aka yi shekara biyar cur ba a ji sabon kundi daga Alvvays ba. A wannan zamani da mawaƙi kan saki waƙa duk bayan 'yan makonni don kada manhajojin saurare su manta da shi, shirun shekara biyar kamar mutum ya haƙa wa sana'arsa kabari ne. Su kuwa da suka dawo a watan Oktoba na 2022 da kundin Blue Rev, sai ya zama shi ne mafi ƙarfin aikinsu, har ya kai su zauren Grammy.

Idan aka tattara duk abin da ke cikin kundayensu uku, waƙa 33 ce kacal, wadda mutum zai saurare ta tas bai cika awa biyu ba. Da wannan ɗan abin ne suka zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ake ji da su a fagen kiɗan gita na wannan ƙarni. Wanda yake son ya gane dalili, sai ya bar Toronto tukuna, ya nausa gabas kusan kilomita 2,000, zuwa wani tsibiri da ke bakin Tekun Atlantika.

Gidan Rankin

Tsibirin Cape Breton yana cikin lardin Nova Scotia, sunan da ke nufin Sabuwar Sikotlan. Ba a banza aka sa sunan ba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu filaye a tsaunukan Sikotlan sun riƙa korar talakawan da ke noma a gonakinsu don su zuba tumaki, dubban mutane suka hau jiragen ruwa suka ƙetaro. Da yawansu a wannan tsibiri suka yada zango. Ba su zo da dukiya ba, amma sun zo da harshensu na Gelik da gogensu mai tsirkiya huɗu. Keɓewar tsibirin ta sa kiɗan ya zauna da tsohuwar sigarsa, har ta kai ga makaɗan Sikotlan ɗin kanta sukan zo nan su ji yadda kakanninsu suke kaɗawa. Sai a 1955 aka gina hanyar da ta haɗa tsibirin da sauran ƙasar.

A yammacin tsibirin, a ƙauyuka irin su Mabou da Judique, kiɗa abin gida ne. A ɗakin girki ake yinsa, ko a zauren taron gari daren Asabar, mai goge yana ja, mai piyano yana mara masa baya, tsofaffi da yara suna buga ƙafa a kan katako. Buddy MacMaster, wanda ake ɗauka uban masu gogen tsibirin, a Judique ya yi rayuwarsa. A nan Molly Rankin ta tashi.

Ita kuwa 'yar gado ce gaba da baya. Mahaifinta, John Morris Rankin, gwanin goge ne da piyano, ɗaya daga cikin 'ya'ya 12 na wani gida a Mabou. Biyar daga cikinsu, wato shi da Jimmy da Cookie da Raylene da Heather, suka kafa ƙungiyar The Rankin Family, wadda ta ɗauki kiɗan ƙauyensu ta kai shi kowane lungu na Kanada a farkon shekarun 1990. Kundinsu Fare Thee Well Love ya sayu ɗaruruwan dubbai, kuma a 1994 kaɗai sun kwashe lambobin Juno huɗu, wato kyautar waƙa mafi girma a ƙasar. A 1999 suka sanar da cewa kowa zai kama gabansa.

'Yan watanni bayan haka, ranar 16 ga Janairun 2000, John Morris yana tuƙa ɗansa da wasu samari zuwa wasan hoki na kan ƙanƙara, motar ta ƙwace a wata hanya da ke bin gaɓar teku kusa da Margaree Harbour, ta faɗa ruwa. Samarin sun tsira. Shi bai fito ba. Shekararsa 40, Molly kuma tana da 12.

Duk Bahaushen da ya san gidan makaɗa ya san nauyin da ke kan ɗan gado. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba a cika faɗin irin ƙuncin da ke cikin wannan gadon ba: duk inda ka buɗe baki, muryar wani ake saurare a cikin taka. Molly ta koyi goge tun tana ƙarama. Da baffanta da gwaggwanninta suka sake haɗuwa a 2007, ta bi su rangadi, har waƙarta mai suna Sunset ta shiga kundinsu. Hanya a share take. Da ta so, da ta ƙare rayuwarta tana cin albarkacin sunan Rankin a bukukuwan gargajiya, ba wanda zai ga laifinta. A 2010 ta fitar da ɗan gajeren faifai da sunanta, mai suna She, kiɗa mai laushi wanda bai yi nisa da abin da ake tsammani daga gare ta ba. Daga nan sai ta yi abin da ba a zata ba: ta cire sunanta daga gaban allo baki ɗaya, ta ɓuya a cikin ƙungiya.

Harafi biyu a madadin ɗaya

Wanda ya taimaka mata a wancan faifan shi ne Alec O'Hanley, mai gita daga tsibirin Prince Edward, lardi mafi ƙanƙanta a Kanada, wanda a lokacin yake kiɗa da wata ƙungiya ta Charlottetown mai suna Two Hours Traffic. Shi ya zama abokin rubutunta har yau. Suka jawo Brian Murphy a gitar bes da Phil MacIsaac a ganga, su ma 'yan tsibirinsa. Ta biyar ɗin ita ce Kerri MacLellan, maƙwabciyar Molly kuma ƙawarta tun suna yara a Judique, wadda ta riƙe piyanon lantarki. A 2011 aka kafa ƙungiyar, suka tattara suka koma Toronto.

Wannan ƙaura ba sabon abu ba ce a wurin mutanen gabashin Kanada. Ci-rani ne da suka gada. Kamun kifi ya ja baya, ma'adinan kwal da masana'antar ƙarfe ta Cape Breton suka rufe a 2001, matasa suka riƙa kwarara zuwa Toronto ko filayen man fetur na Alberta. Tun 1970 aka yi wani shahararren fim, Goin' Down the Road, a kan samari biyu 'yan tsibirin da suka tafi Toronto neman arziki suka sha wuya. Bambancin su Molly da waɗancan kawai shi ne gita suka riƙo a hannu.

Sunan ƙungiyar kalmar Ingilishi ce da ke nufin kullum, ana kuma furta shi olwes. Da suka gano akwai wasu da suka riga su ɗaukar sunan, sai suka cire harafin w suka jera v guda biyu a gurbinsa. Dabarar dole ce, amma ta yi musu rana, domin a intanet duk wanda ya rubuta kalmar da wannan siga, su kaɗai zai tarar.

Irin kiɗan da suke yi shi ake kira indi-fof. Indi ɗin daga kalmar 'yancin kai ya samo asali, wato mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, suna aiki da ƙananan kamfanoni ko su yi wa kansu komai. Fof ɗin kuma yana nufin waƙa gajera mai amshi da ke maƙalewa a kunne. Salon ya yi ƙarfi a Birtaniya a shekarun 1980, musamman bayan wani kaset da jaridar waƙa ta NME ta fitar a 1986 mai suna C86: gita mai ƙara kamar ƙararrawa, murya marar ƙawa, waƙoƙi a kan ƙananan damuwoyin matasa.

A 2013 suka yi tattaki zuwa Calgary, fiye da kilomita 3,000 yamma da Toronto, wurin Chad VanGaalen, mawaƙi kuma mai zane da ya yi suna wajen ɗaukar sauti a situdiyon gidansa da tsofaffin na'urori. Sautin da ya fito yana da hazo-hazo, kamar ana jiyo shi daga rediyon maƙwabta. Da farko babu kamfanin da ya ɗauka. A kaset suka riƙa zuba waƙoƙin suna sayarwa a wuraren wasa, a zamanin da yawancin matasa ba su ma da abin kunna kaset. Sai a watan Yuli na 2014 kundin ya fito sosai, ta hannun Polyvinyl a Amurka, Royal Mountain a Kanada da Transgressive a Birtaniya. Waƙa tara ce, minti talatin da 'yan kai. Cikin 'yan makonni ya hau saman jadawalin gidajen rediyon jami'o'in Amurka.

Waƙar da ta ɗaga su ita ce Archie, Marry Me. A sama, waƙar soyayya ce: budurwa tana ce wa saurayi ya aure ta. A ƙasa kuwa zolaya ce. Saurayin bashin karatu ya yi masa katutu, ga shi yana tsoron aure da ɗawainiyarsa, ita kuma tana nuna masa cewa a bar batun furanni da katin gayyata da shagali, a je a sa hannu a takarda kawai. Duk matashin da ya taɓa zama ya lissafa kuɗin lefe da na biki ya ji gumi ya keto masa zai gane inda aka dosa, ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Abin da ya sa waƙar ta daɗe shi ne yadda Molly take rera ta: babu kuka, babu dariya, murya a miƙe, ta bar mai saurare ya rasa gane ko da gaske take ko tsokana ce. Ben Gibbard na ƙungiyar Death Cab for Cutie, wanda ya girme su a fagen, ya ɗauki waƙar yana rerawa a wasanninsa. A 2015 suka hau dandalin Glastonbury a Ingila, shekara ta gaba kuma Coachella a Amurka.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a kan wani abu da ya shafi duk mawaƙin Kanada. Ƙasar tana zaune ne a gefen giwa. Yawan mutanenta bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na Amurka ba, harshen mafi yawansu ɗaya ne, kuma da an sakar wa kasuwa linzami, da waƙoƙin Amurka sun shanye komai. Shi ya sa tun 1971 hukuma ta tilasta wa gidajen rediyo su ware wani kaso na abin da suke sawa ga waƙoƙin gida, kason da a yau ya kai 35 cikin ɗari a yawancin tashoshi. Akwai kuma gidauniyar FACTOR da aka kafa a 1982, mai tallafa wa mawaƙa da kuɗin ɗaukar sauti da rangadi. Wannan tsari ya raya ƙungiyoyi da dama. Amma bai sauya gaskiyar taswira ba: manyan biranen Kanada suna nesa da juna, hunturu yana rufe hanyoyi, kuma ƙungiyar da take son ta ci abinci da kiɗa dole ta ƙetara iyaka. Abin da ya faru da Alvvays ke nan. Sai da Amurka da Birtaniya suka tafa musu kafin tafin gida ya yi ƙarfi.

An gudu ba a tsira ba

Bayan shekaru na kwana a mota da otal, Molly ta nemi inda za ta kaɗaita ta yi rubutu. Ina ta je? Tsibiri. A gaban birnin Toronto, cikin Tafkin Ontario, akwai 'yan tsibirai da ake zuwa da jirgin fito. A can ta samu ɗaki a wata tsohuwar makaranta ta zauna ita kaɗai. Daga wannan zama aka samu Antisocialites, wanda ya fito ranar 8 ga Satumban 2017, aka yi aikinsa tare da furodusa John Congleton. Hazon kundin farko ya ɗan washe, piyanon Kerri ya matso gaba. Dreams Tonite, waƙa mai sanyi a kan soyayyar da ta ƙare, ita ce ta fi shiga jama'a. A wannan shekarar Sheridan Riley daga Amurka ta karɓi ganga daga hannun MacIsaac. Kundin ya ci lambar Juno a 2018.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan kundi shi ne waɗanda suke yi wa mubaya'a. Akwai waƙa guda da aka sadaukar ga Jim Reid na ƙungiyar The Jesus and Mary Chain. Norman Blake na Teenage Fanclub ya sa murya a cikin aikin. Dukkansu 'yan Sikotlan ne, daga garuruwan da ke kewaye da Glasgow. Wato yarinyar da ta ajiye gogen kakanninta 'yan Sikotlan don ta yi abin kanta, da ta zaga ta zago, a hannun wasu 'yan Sikotlan ɗin ta sake faɗawa, sai dai waɗannan gitar lantarki suke riƙe da ita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kuma ba a suna kaɗai gadon ya tsaya ba. Kiɗan goge na Cape Breton ba shi da inda zai ɓuya: karin waƙa ne tsantsa, idan bai yi daɗi ba masu rawa su zauna. A ganina wannan tarbiyya ce take riƙe da Alvvays. Ƙungiyoyi da yawa a fagensu suna lulluɓe rashin waƙa da hayaniyar gita. Su kuwa ko an kashe lantarki, an bar Molly da muryarta, waƙar tana nan tsaye da ƙafafunta. Yadda take ɗaga murya ta tsallake daga ƙasa zuwa sama lokaci guda, kamar yatsan mai goge ne a kan tsirkiya.

Sannan akwai ruwa. Next of Kin, a kundin farko, labarin saurayi ne da ya nutse a kogi, amma an ɗora shi a kan kiɗa mai annashuwa har mutum ya fara rausaya kafin ya ankara da abin da ake faɗa. In Undertow, wadda ta buɗe kundi na biyu, ta ɗauko sunanta daga igiyar ruwan da ke jan mai iyo ta ƙasa zuwa cikin teku. Molly ba mai yawan tallar baƙin cikinta ba ce, kuma ba daidai ba ne a mayar da kowace waƙarta tafsirin rasuwar mahaifinta. Wanda ya tashi a tsibiri dole ruwa ya shiga bakinsa. Amma mai saurare da ya san labarin Janairun 2000 ba zai iya jin waɗannan waƙoƙi kamar wanda bai sani ba.

Sau biyu a yini ɗaya

Da aka sassauta iyaka a 2021, sai suka nufi Los Angeles wurin Shawn Everett, shi ma ɗan Kanada daga Alberta, wanda ya ci Grammy saboda aikinsa da Alabama Shakes. A lokacin Abbey Blackwell ta maye gurbin Murphy a gitar bes. Molly da Alec mutane ne masu tsananin tsantseni, irin waɗanda za su kwana suna gyara daƙiƙa uku na sauti. Everett ya lura da haka, sai ya ɓullo musu ta inda ba su zata ba. Ya sa su kaɗa kundin gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe kai tsaye a kan zaren ɗaukar sauti, hutun daƙiƙa 15 kawai tsakanin waƙa da waƙa, a huta rabin awa, a sake maimaitawa. Bayan an kama wannan zafin na wasan kai-tsaye, sannan aka zauna aka shafe tsawon lokaci ana ƙari da ragi a kansa.

Sakamakon yana nan a kunne. Pharmacist, wadda ta buɗe kundin, minti biyu ce da 'yan daƙiƙoƙi, gitar tana lanƙwashewa kamar kaset da rana ta daka. After the Earthquake ta samo tushe daga wani littafin gajerun labarai na marubucin Japan Haruki Murakami. Very Online Guy tsokana ce ga irin mutumin nan da ba ya sauka daga intanet, kowane zance sai ya tsoma baki. Waƙa 14 cikin ƙasa da minti 40, babu wadda ta tsaya jan rai. In akwai abin da za a kushe, shi ne a wasu wuraren hayaniyar ta yi yawa har tana danne kalmomin, ga mawaƙiyar da kalmominta suke cikin abin da ya fi daraja a aikinta. Sai an saurara sau uku ko huɗu kafin a tsamo su.

Sunan kundin kansa daga gida ya fito. Rev wani abin sha ne mai zaƙi da barasa a ciki, shuɗi shar, wanda Molly da Kerri suka sani tun suna 'yan mata a ƙauye. Ba abin alfahari ba ne, abin sha ne mai arha na matasan da ba su da wurin zuwa, kuma da gangan aka zaɓe shi. A waƙar Belinda Says, wata mace ce take tunanin barin birni ta koma karkara ta haifi ɗanta, ko da aikin kai abinci a kanti za ta yi. Belindar da ake nufi ita ce Belinda Carlisle, wadda waƙarta ta 1987 ta cika gidajen rediyo a lokacin. Bayan shekara goma ana gudun gida, ga gidan ya shigo waƙa.

Mujallar Pitchfork ta zaɓi Belinda Says a matsayin waƙar da ta fi kowace a 2022, Stereogum kuma ta ba Blue Rev kambin kundin shekara. Juno ta biyu ta zo a 2023. Sai dai akwai lambar da ta ƙi su: Polaris, wadda alƙalai 'yan jarida da masu sharhi suke bayarwa bisa ingancin aiki ba tare da duba ciniki ba. Duk kundayensu uku sun shiga jerin goman ƙarshe, a 2015 da 2018 da 2023, kuma duk ukun wani ne ya ɗauka. A karo na ukun, wadda ta yi nasara ita ce Debby Friday, haifaffiyar Najeriya da ta tashi a Montreal. A Grammy ma, a watan Fabrairun 2024, an sa Belinda Says a takara, amma ƙungiyar Paramore ce ta tafi da kyautar.

Ba su da alamar waɗanda wannan ya dame su. Ba sa yawan surutu a kafafen sada zumunta, ba sa baje rayuwarsu a kasuwa, kuma idan rangadi ya ƙare sukan yi ɗif kamar an ɗauke wuta. Daga cikin biyar ɗin farko, uku ne suka rage: Molly, Alec, da Kerri, maƙwabciyar nan ta Judique da har yanzu take tsaye a gefenta a kan dandali.

Bangon kundayen biyu na farko hotunan baƙi ne, taron mutanen da ba a san su ba. Na Blue Rev kuwa daga akwatin hotunan gida aka ciro shi. Ƙaramar yarinya ce sanye da rigar kariya daga nutsewa, a bakin ruwa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a bayanta, iyayenta suna kusa da ita. Molly ce, da mahaifiyarta, da John Morris.